Biskit ɗin Kare a Gida: Yadda Ake Gasa Shi da Kayan Kasuwarmu Cikin Rahusa

Karen gidanmu Damisa ya kai shekara uku yana kwana a bakin ƙofa kafin in taɓa tunanin cewa akwai abin da ya kamata ya samu bayan ragowar tuwo. Abin da ya sa na fara shi ne horo. Ina so in koya masa ya riƙa dawowa idan an kira shi, ya kuma daina tsalle kan yara idan sun dawo daga makaranta, sai wani mai farauta a unguwarmu ya ce mini: "Malam, kare ba ya aiki don Allah, sai ya ga ladansa a hannunka." Na shiga kantin da ke sayar da kayan dabbobi na ga ƴar ledar biskit ta ƙasar waje, kuɗinta ya fi na cefanen yini guda. Daga nan na koma gida na fara gwadawa da abin da ke cikin madafa.

Abin da na gano bayan gashi da yawa shi ne, haɗin ba wuya. Abubuwa biyu ne ke raba mai kyau da mai cutarwa: ka hana hannunka zuba kayan ɗanɗano, sannan ka busar da shi har cikinsa. Duk sauran bayanin da ke ƙasa a kan waɗannan biyun yake tafiya.

Tun da farko bari in kawar da wata damuwa da uwargida ta fara tayarwa, wato ko yi wa kare biskit zai ƙazantar mana da kayan girki, don na san za ta taso a gidaje da yawa. Kayan haɗin nan duk abincinmu ne, gari da dankali da ƙwai da gyaɗa, kuma kare ba ya kusantar tukunya ko faranti lokacin aiki. Kwanon da yake lasa shi ne ake ware masa, shi ne kuma hadisi ya yi maganar wankewa sau bakwai. Ajiye kare don gadi ko farauta ko kiwo abu ne da malamai suka san hukuncinsa, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙin cinta da shanta yana wuyansa.

Abin da ba ya shiga ko kaɗan

Na sa wannan a gaba ne saboda hannun mai girki ya saba. Ka ɗauki kwano, kafin ka ankara ka jefa gishiri da dunƙulen Maggi. A nan dole ka riƙe hannun.

Albasa da tafarnuwa su ne na farko. Suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafawa ko soyawa ko busarwa ba ta kashe wannan illar. Abin da ya sa mutane ba sa gane su ne sanadi, alamun ba sa fitowa nan take. Sai bayan kwana biyu ko uku ko fiye za ka ga kare ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi. Wannan ya haɗa da romon miya, da yajin tsire, da ragowar dambun nama, domin da wuya a samu ɗaya daga cikinsu babu albasa ko tafarnuwa.

Sai cakulan, da kofi, da ganyen shayi, da goro. Mutane sun ji labarin cakulan, amma goro ne ya fi kusa da mu, kuma sinadaran da ke hana mutum barci a cikinsa jikin kare ba ya iya fitar da su da sauri. Inabi da zabibi suna iya tsayar da ƙoda, ko da ƴan kaɗan ne. Akwai kuma wani zaƙi na roba mai suna zailitol da ake sawa a cingam da wasu man gyaɗa na kwalba da ake shigowa da su. Yana faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci, yana kuma taɓa hanta. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa na fi yarda da gyaɗar da na ga an markaɗa da idona.

Kada ka sa yis. Biskit ɗin kare ba ya buƙatar tashi, kuma idan kare ya samu ɗanyen kwaɓi mai yis ya haɗiye, zai ci gaba da kumbura a cikinsa. Kada ka sa sukari, kada ka sa barkono. Ƙashin da aka dafa ko aka gasa yana tsagewa ya yi tsini, don haka ba a niƙa shi a ciki, ba a kuma ba shi a gefe. Kitse mai yawa yana jawo amai da gudawa, wani lokaci ciwon ciki mai tsanani da sai an kai asibiti.

Akwai kuma tarkon da neman arha kansa ke haƙa wa mutum, kuma shi ne na fi jin tsoro. Idan ka ce wa mai gyaɗa ko mai masara na kare ne, zai nuna maka wadda aka tsince aka ware, mai baƙi-baƙi, wadda ta yamutse ko ta yi fumfuna, ya ce ɗauki a rabin kuɗi. Kada ka karɓa ko kyauta ce. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke cin hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ta fi yi wa illa. Zafin gashi ba ya kashe ta. A Amurka, daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, an janye abincin kare na kamfani daga kasuwa saboda wannan guba a cikin masara, kuma an ba da rahoton mutuwar karnuka fiye da 100. Idan hakan ta faru a inda ake gwaji a ɗakin bincike, to mu da muke saye a buhu sai mu buɗe ido. Ƙa'idata ita ce, ƙwayar da ba zan ba ɗana ba, ba ta shiga kwaɓin Damisa.

Cefane

Ma'aunin da zan yi amfani da shi shi ne ƙaramin gwangwanin madara, wanda kowace mai awo ta sani. Haɗin da na fi yi yana buƙatar:

Garin fulawa ko na alkama, gwangwani 2
Garin dawa ko gero ko masara, gwangwani 1
Dafaffen dankalin Hausa da aka dame, gwangwani 1
Tunkuza, rabin gwangwani
Ƙwai 1
Ruwa ko romon nama marar gishiri, cokali 3 zuwa 6

Tunkuza ita ce sirrin arhar. Ka je wurin masu ƙuli-ƙuli da safe, ka ce a ɗebar maka bayan an matse mai, kafin a zuba gishiri da yaji. Tana da ƙamshin gyaɗar da kare ke so, an kuma riga an rage mata mai, wanda shi ne daidai abin da ake nema. Ƙuli-ƙulin da aka riga aka soya yawanci da gishiri, wani da barkono da citta, wani da sukari, don haka ba ya maye gurbinta sai idan ka tabbatar babu komai a ciki. Idan ba ka samu tunkuza ba, soya gyaɗa mai kyau sama-sama, ka murje ɓawon, ka daka a turmi, ka sa cokali 3 kawai tunda ita da manta take.

Me ya sa ba za a yi da garin dawa zalla ba tunda ya fi arha? Na gwada. Dawa da gero da masara ba su da danƙon da alkama ke da shi, kwaɓin yana tsattsagewa a hannu, biskit ɗin kuma ya zama gari a aljihu. Kashi biyu na alkama da kashi ɗaya na hatsinmu shi ne inda na tsaya. Idan kana so ka yi rabi da rabi, ƙara ƙwai na biyu.

Lokacin kaka, kabewa tana iya maye gurbin dankali. Ta fi shi ruwa, don haka a turara ta maimakon a tafasa, a kuma rage ruwan kwaɓi. Ayabar da ta nuna sosai, irin wadda mai talla ke neman rabuwa da ita da yamma, ita ma tana yi, muddin ba ta fara ruɓa ba. Ɗanyen rogo kuwa a bar shi, haka ma dankalin Turawa da ya yi kore ko ya tsiro.

Kwaɓi

Wanke dankali matsakaici guda biyu, ka dafa da ɓawonsa a ruwa zalla har cokali ya shige ba tare da tirjiya ba. Dafawa da ɓawo tana hana shi shan ruwa. Ka ɓare, ka dame shi da bayan cokali ko muciya har ya yi laushi, sannan ka bar shi ya huce. Idan ka fasa ƙwai a kan dankali mai zafi, ƙwan zai dahu ya yi gudaji-gudaji, ba zai ƙara riƙe komai ba.

Idan ya huce, zuba tunkuza da ƙwai ka cakuɗa. Tankaɗe garin biyu tare, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana murzawa. Kada ka yi saurin zuba ruwa. Da farko zai yi kamar ba zai haɗu ba, amma dankali yana sakin danshinsa a hankali, ka ci gaba da murzawa minti 2 ko 3 tukuna. Idan har yanzu yana wargajewa, sai ka sa ruwa cokali ɗaya-ɗaya. Abin da ake nema kwaɓi ne mai tauri irin na cincin, wanda ba ya manne wa tafin hannu. Duk ruwan da ka ƙara a nan, sai ka biya shi da gawayi ko gas wajen busarwa, shi ya sa mai taurin ya fi arha.

Rufe shi ya huta minti 10. Barbaɗa gari a kan tire ko tebur mai tsabta, ka murza da kwalbar lemo idan ba ka da katakon murji. Kaurin ya zama kamar rabin santimita, wato bai kai kaurin fensir ba. Wannan ma'aunin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: wanda ya fi haka kauri bayansa zai yi ja alhali cikinsa da laima, kuma daga cikin ne fumfuna ke farawa.

Ba ka buƙatar ƙarfen yanka mai siffar ƙashi irin na hotunan intanet. Wuƙa ta isa. Idan ka yanka girman fuskar kwalin ashana, wannan haɗin zai ba ka kusan 60. Ni kan raba kwaɓin biyu, rabi in yi manya, rabi in yi ƙanana kamar farcen babban yatsa don horo. Ka soki kowane babba da cokali mai yatsu sau biyu ko uku don tururi ya samu hanyar fita.

Gashi

Mai oben ya kunna shi ya yi zafi zuwa digiri 180 na ma'aunin Celsius, ya jera biskit a tire da aka shafa wa ɗigon mai ko aka barbaɗa wa gari, ya gasa minti 20 zuwa 25, yana juya su a tsakiya. Ƙananan sukan yi a minti 12 zuwa 15, don haka a raba musu tire. Idan gefensu ya yi ruwan ƙasa, a rage wuta zuwa digiri 100, a bar su minti 30 zuwa 40, sannan a kashe a bar su a ciki har oben ya huce, da ƙofar a ɗan buɗe.

Yawancinmu ba mu da oben, ko muna da shi babu wuta. Tukunya da yashi, yadda mata ke gasa kek, ita nake amfani da ita, kuma tana yi sarai. Samo babbar tukunya mai kauri da murfinta. Zuba yashi mai tsabta, busasshe, zurfin yatsu biyu a kwance. Yashin rafi da aka wanke aka shanya ya fi, kuma ana iya ajiye shi a yi ta maimaitawa. Ɗora a kan gawayin da ya riga ya zama garwashi, ba mai harshen wuta ba, ka rufe minti 10 zuwa 15. Sannan ka jera gwangwanaye uku marasa komai a kan yashin, ka ɗora farantin ƙarfe a kansu, don kada biskit ya zauna kai-tsaye a kan zafi.

Gwajin zafin da nake yi shi ne in barbaɗa ɗan gari a farantin in rufe. Idan na buɗe bayan minti 3 na ga ya yi ja-ja, daidai ne. Idan ya yi baƙi cikin minti ɗaya, sai in janye garwashi in jira. Idan bai canza ba, a ƙara wuta.

Jera biskit layi ɗaya, kada su hau juna. Rufe, ka ɗora garwashi huɗu ko biyar a kan murfin don zafi ya zo ta sama ma. Bayan minti 10 ka buɗe, ka goge gumin da ya taru a cikin murfin da tsumma, ka juya su. Goge murfin nan kada a raina shi. Tukunya ba ta da hanyar fitar da tururi, idan ka bar shi zai ɗiga ya koma kan biskit, sai ka ga ka dafa maimakon ka gasa. A zagaye na ƙarshe nakan sa ɗan tsinke ko cokali tsakanin murfi da bakin tukunya don iska ta riƙa fita.

Tunda tukunya ba ta ɗaukar duka lokaci guda, za ka yi zubi uku ko huɗu. Idan ka gama na ƙarshe, garwashi ya riga ya yi sanyi-sanyi, kuma wannan rushin shi ne dukiyar. Ka mayar da dukan biskit ɗin cikin tukunyar, yanzu ko sun hau juna ba komai, ka bar murfi a karkace, su kwana a kai ko su yi awa biyu. Don haka ne nake yin gashin bayan an sauke tuwon dare, in ci moriyar wutar da da ma za ta mutu a banza.

Yadda za ka san ya yi: ɗauki mafi kauri, ka bari ya huce, ka karya. Ya kamata ya ce ƙaras, cikinsa kuma launi ɗaya da busasshen gari. Idan ya lanƙwasa kafin ya karye, ko ka ga tsakiyar ta fi duhu da taushi, a mayar. Zubina na farko a watan Agusta na yi shi, na ga bayansa ya yi kyau, na ɗure a leda da ɗuminsa. Kwana huɗu na buɗe na tarar da farin gashi-gashi a kai. Duka na zubar, kuma haka ya kamata, don ba a kankare fumfuna a ba kare sauran.

Na huhu da hanta

Biskit ɗin gari yana da kyau, amma idan kana so kare ya bar abin da yake bi ya juyo da gudu, nama ne ke yin wannan. Huhun saniya yana cikin mafi arha a wurin mahauta, ba shi da kitse sosai, kuma idan ya bushe yana zama sakayau, yana karyewa cikin sauƙi. Hanta ta fi ƙamshi, ta fi tsada, kuma ana taƙaita ta.

A nan akwai maganar da nake so duk mai kare ya ji, musamman lokacin Babbar Sallah da kayan ciki ke yawa. Idan aka buɗe rago ko sa ko raƙumi aka ga huhu ko hanta da wasu ƙulli masu ruwa a ciki kamar ƙwai, al'adar mutane ita ce a yanke wurin a jefa wa kare. Wannan ita ce hanyar da wata tsutsar ciki ke bi ta kammala zagayenta. Kare ya ci ƙullin ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa ba tare da ya nuna ciwo ba, ƙwayayenta su fita a kashinsa, su koma ga tumaki ta ciyawa, su koma ga mutane ta hannu da abinci, yara sun fi shiga haɗari. A jikin mutum irin wannan ƙullin ne ke tsirowa a hanta ko huhu, wani sai an yi tiyata. Kayan cikin da ke da ƙulli a binne su da zurfi ko a ƙone. Masu kyan kuma a dafa su sosai kafin su kai bakin kare.

Yadda ake yi: wanke rabin kilo na huhu, ka yanka manya-manya, ka tafasa a ruwa zalla minti 25 zuwa 30. Huhu yana tasowa saman ruwa, sai ka danna shi da faranti ko ka riƙa juyawa. Hanta minti 15 zuwa 20 ta isa. Yanka ɗaya ka duba, kada a ga ja ko jini a tsakiya. Tsame, ka bari ya huce ya tsane, sannan ka yayyanka siriri kamar za a yi kilishi, ko ƙanana kamar ƙwayar wake biyu. Gasa a wuta marar ƙarfi, digiri 90 zuwa 100, awa 2 zuwa 3, ko a tukunyar yashi a kan rushi da murfi a karkace. Wanda ke da wayar gasa nama zai iya shimfiɗa su a sama da garwashi mai nisa. Sun yi idan sun yi tauri sun yi sauƙin nauyi.

Kada ka zubar da ruwan tafasar. Shi ne romon da na ambata a kwaɓi, kuma biskit ɗin da aka kwaɓa da shi Damisa ya fi rawar jiki a kansa nesa ba kusa ba. Za ka iya kuma daka ɗan dafaffiyar hanta, kamar cokali 3, ka zuba a kwaɓin a madadin tunkuza. Sai dai ka sani duk biskit ɗin da nama ya shiga, hukuncin nama ne a kansa wajen ajiya.

Dalilin taƙaita hanta shi ne bitamin A da ke cikinta da yawa. Jiki yana tara shi, ba ya fita da fitsari, kuma idan ya yi yawa tsawon watanni yana taɓa ƙashi da gaɓoɓi. Ko kafin a kai can, hanta mai yawa tana sa zawo. Ƴan ƙanana uku ko huɗu a yini sun ishi babban kare, kuma ba kullum ba.

Akwai na uku wanda ba ya buƙatar kwaɓi. Yanka ɗanyen dankalin Hausa a tsaye, kaurin rabin santimita, ka gasa a digiri 120 kamar awa 3 kana juyawa. Yana fitowa da danƙo, kare ya daɗe yana tauna. Da hunturu nakan turara yankan minti 5 in shanya a rana a kan rariya da yadi mai shara-shara a sama saboda ƙuda da ƙura, kwana biyu ko uku sun bushe.

Ajiya

Bari su huce gaba ɗaya a buɗe, awa biyu ko fiye, kafin su shiga mazubi. Kwalba mai murfi ko gwangwanin madarar gari ya fi leda. Biskit ɗin gari da ya bushe sosai yakan kai mako biyu da rani ko hunturu. Da damina kada ka dogara da fiye da mako ɗaya, ka kuma yi rabin haɗi. Na nama kwana 3 zuwa 5 a firij, ko wata 2 zuwa 3 a firiza idan wutarku tana tsayawa. Inda firiza ke narkewa ta sake daskarewa, gara a yi kaɗan a cinye. Kowace safiya kafin ka ba shi, buɗe ka shinshina ka duba. Warin tsami, ko warin man da ya tsufa, ko ɗigon fari ko kore, duk alamar zubarwa ce.

A ɗora kwalbar a sama inda ba ya kaiwa. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, balle kwalbar da ya san abin da ke ciki.

Nawa ake ba shi

Likitocin dabbobi suna da ƙa'ida mai sauƙi: irin wannan abin lada kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a yini. Karen gida mai kilo 20 yana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 1,000 a rana, ke nan rabonsa na biskit bai wuce 100 ba. Haɗin da na bayar gaba ɗaya yana kusa da kalori 1,500, idan ka raba 60 kowane babba yana da kamar 25. Manya huɗu ke nan a yini, ko ƙanana goma sha biyar. Mai kilo 10 a ba shi biyu ko uku. Da wannan lissafi haɗi ɗaya yana kai kare guda mako biyu, kuma idan ka haɗa kuɗin gwangwani uku na gari da dankali biyu da ƙwai ɗaya da tunkuza ka raba kwana 14, za ka ga abin da ya kama a rana.

Wannan ba abinci ba ne, ba ya maye gurbin kwanonsa. Ranar farko ka ba shi ɗaya tak, ka lura da kashinsa da fatarsa zuwa washegari. Wasu karnukan alkama ko ƙwai ba sa karɓarsu, za ka ga susa ko zawo, sai ka canza haɗi. Ɗan kwikwiyo da ya wuce mako 8, da tsohon kare mai ciwon haƙori, a jiƙa musu a ruwan ɗumi. Karen da ke da ciwon ƙoda ko na sukari ko ƙiba, a tambayi likitan dabbobi tukuna.

Wajen horo, lokaci ne komai. Ka ce "zauna", gindinsa na taɓa ƙasa biskit ya shiga bakinsa, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan ka tsaya lalube a aljihu har ya miƙe, to miƙewar ka saka wa. Shi ya sa ƙananan suka fi, ka riƙe biyar a tafin hannu tun kafin ka fara, ya haɗiye nan take ku ci gaba. Minti biyar sau biyu a rana, kafin cin abinci lokacin da yake jin yunwa, ya fi awa guda a ranar Asabar. Na huhu kuma a ajiye shi don kira kawai, sai kuma darasin "bari" da zan yi bayani a ƙasa. Idan "zo" ita ce kalmar da ke kawo abu mafi daɗi, zai zo ko yana tsakiyar bin akuyar maƙwabta.

Ga mai karen gadi akwai ƙarin hattara. Ɓarayi sukan jefo nama mai guba ta katanga, don haka kada ka saba masa da tsintar lada a ƙasa. Kada a jefa masa, kada baƙo ya ba shi, kada yara su riƙa watsa masa suna dariya. Daga hannun mutanen gida ko daga kwanonsa kawai. Nakan ajiye biskit a ƙasa in rufe da ƙafa in ce "bari", idan ya janye kai ya dube ni sai in ba shi na huhu daga hannu, in ɗauke na ƙasan in mayar aljihu. Wannan ba ya zama garanti, kare mai yunwa da dare yana iya mantawa da darasi, don haka a ciyar da shi da yamma kafin a sake shi, a kuma zagaya gindin katanga da safe a duba abin da aka jefo.